Me Ya Sa Labaran Gudun Hijira Suke Zuwa a Wargaje? Fashin Baƙi Kan Adabin Falasɗinawa

Me ƙagaggen labari yake faɗa game da yaƙi da gudun hijira wanda jarida da littafin tarihi ba su riga sun faɗa ba? Tambayar ta taso da ƙarfi a watan Oktoban 2023, lokacin da masu ba da wata lambar yabo ta adabi a Jamus suka fasa bikin karrama marubuciya Bafalasɗiniya Adania Shibli, wanda aka shirya yi a baje kolin littattafai na Frankfurt. Kwanaki kaɗan ke nan da harin Hamas na 7 ga Oktoba da soma luguden wutar Isra'ila a Gaza. Ɗaruruwan marubuta suka sa hannu a takardar ƙorafi. Littafin da ake kai ruwa rana a kansa ɗan siriri ne, abin da ya ginu a kai kuma tun 1949 ya faru: sojojin Isra'ila suka kama wata yarinya Balarabiya daga cikin makiyayan hamadar Naƙab, suka yi mata fyaɗe, suka harbe ta, suka binne a rairayi.

Mutane iri biyu ne suke yi wa wannan adabi gurguwar fahimta. Na farko gani yake fama tsohon gyambo ne kawai, ko farfaganda da aka yafa wa rigar labari. Na biyu yana tare da Falasɗinawa ɗari bisa ɗari, ya sayi littafin yana tsammanin za a jero masa zaluncin daki-daki, sai ya tarar labarin yana tsalle daga yau zuwa shekara ashirin baya, ana maimaita abu ɗaya, ana cika shafuka da ƙamshin gahawa ko haushin kare, wurin kisan kuwa an wuce shi da 'yan jimloli. Sai ya rufe littafin ya ce marubucin bai iya ba. Abin da ya kuɓuce wa dukansu shi ne, da gangan aka wargaza labarin, domin haka tunanin wanda ya ga tashin hankali yake tafiya.

Abubuwa uku da ake cakuɗawa

Baƙin ciki daban, raunin zuciya daban. Wanda ya rasa mahaifiyarsa yana kuka, ana zaman makoki, a hankali ya koma harkokinsa, kuma yana iya ba ka labarin jinyar da rasuwar daga farko har ƙarshe. Raunin zuciyar da likitoci ke magana a kai yana samuwa ne idan abin da ya faru ya fi ƙarfin abin da hankali zai ɗauka a lokacin. Abin ba ya yarda ya zama tarihi. Yana dawowa babu sallama, a mafarki, a ƙarar ƙofa da aka buga da ƙarfi, a warin fetur. Mai shi yana kauce wa duk abin da zai tuna masa, barci ya ƙaurace masa, ƙaramin motsi ya sa ya zabura. Yana iya tuna launin takalmin wanda ya harbi ƙanensa, amma ka tambaye shi wace rana ce, ya rasa. A 1980 ne likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka suka sa wannan a jerin cututtuka a hukumance, bayan abin da suka gani a sojojin da suka dawo daga yaƙin Biyetnam, kodayake an san alamomin tun Yaƙin Duniya na Ɗaya.

Tunawa kuma ba kamar kunna faifai ba ce. Duk lokacin da mutum ya tuna abu, sake harhaɗa shi yake yi, wani gefe ya ƙaru, wani ya dusashe. Al'umma ma tana da nata tunin, wanda kakanni ke miƙa wa jikoki, hukuma ke sa wa a manhajar makaranta ko ta goge.

Gudun hijira shi ne ya haɗa raunin da tunin ya ƙara musu nauyi. Mutumin da ke zaune a garinsu ba ya buƙatar hujjar cewa shi ɗan wane ne. Rijiyar unguwa, maƙabarta, tsohon da ya san kakansa, duk shaidunsa ne. Ranar da aka rushe garin aka watsa mutanensa, ƙwaƙwalwarsa kaɗai ta rage ma'ajiya, ita ɗin kuma ga ta da rauni.

Abin da ya faru a 1948

A yaƙin da ya kai ga kafa Isra'ila, Falasɗinawa sama da 700,000 suka gudu ko aka kore su daga gidajensu, ƙauyuka fiye da 400 suka zama kufai. Wannan ne suke kira Nakba, wato babbar masifa, suna tunawa da ita kowace ranar 15 ga Mayu. A Disamban 1948 Majalisar Ɗinkin Duniya ta zartar da ƙuduri mai lamba 194 da ya yi maganar barin 'yan gudun hijirar su koma, ba a aiwatar da shi ba. A ƙarshen 1949 aka kafa hukumar UNRWA ta Majalisar Ɗinkin Duniya don kula da su, ana ganin na ɗan lokaci ne. Yau waɗanda ke rajistarta, da 'ya'ya da jikoki, sun kusa miliyan 6. Mafi yawan mutanen Gaza zuriyar waɗancan masu hijira ne, shi ya sa da aka sake raba kusan kashi 90 cikin 100 na mazauna zirin da muhallansu bayan Oktoban 2023, da yawansu ba sabon abu suka gani ba, labarin kaka ne ya dawo.

Manyan marubutan Falasɗinu na farko yara ne a lokacin. Ghassan Kanafani, wanda aka haifa a Akka a 1936, yana ɗan shekara 12 iyayensa suka fice da shi, suka ƙare a Dimashƙa. Mawaƙi Mahmud Darwish yana da shekara bakwai aka fita da shi daga ƙauyen Birwa zuwa Labanan. Da iyalinsa suka lallaɓo suka dawo bayan shekara guda, ƙauyen babu shi, su kuma doka ta lissafa su cikin waɗanda ba sa nan alhali ga su a tsaye.

Me ya sa labarin ba ya tafiya a jere

Littafin Kanafani na 1963, *Rijal fi al-Shams*, wato maza a cikin rana, shi ne wurin da ya fi sauƙin ganin dabarar. Maza uku ne, dattijo Abu Ƙais, saurayi As'ad, da yaro Marwan, sun taru a Basra suna neman wanda zai tsallaka da su Kuwait ta ɓarauniyar hanya su nemi aiki. A cikin labarin, shekara goma ke nan da Nakba. Ko sau ɗaya Kanafani bai zauna ya bayyana yaƙin ba. Abu Ƙais yana kwance a ƙasa a gaɓar kogi, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya jefa shi ƙauyensu, ga itatuwan zaitun ɗinsa, ga malamin makarantar da aka kashe kafin ƙauyen ya faɗi, wanda har yake ganin ya fi shi sa'a tunda an binne shi a gida. Babu gargaɗin cewa an koma baya. Mai karatu yana cikin sakin layi sai ya ga shekarar ta canja, kamar yadda take canja wa Abu Ƙais.

Direban da ya ɗauke su, Abul Khaizuran, shi ma Bafalasɗine ne, ya rasa mazakutarsa a yaƙin 1948, sirrin da yake ɓoyewa. Ya sa su cikin tankin ruwa da babu komai a ciki, a tsakiyar zafin Agusta, da alƙawarin 'yan mintoci kaɗan za su yi a kowane shingen bincike. A shinge na biyu ma'aikata suka tsare shi da zolaya kan wata 'yar rawa da suke zargin yana nema. Kafin ya koma ya buɗe murfin, duk ukun sun mutu. Ya zubar da gawarwakin a juji, ya kwashe kuɗinsu da agogon yaron, sannan ya shiga tambayar me ya sa ba su buga bangon tankin ba.

Mutuwar kanta ba a nuna ta ba. Muna waje tare da direba, ana barkwanci, su suna ciki suna shaƙewa. Wannan giɓin ya fi kowace doguwar siffantawa ciwo. Tambayar ƙarshen kuma ta zama abin muhawara a duniyar Larabawa, domin an karanta ta a matsayin zargi ga Falasɗinawa da suka yi shiru da kuma shugabannin da suka tuƙa su zuwa halaka. Da darakta ɗan Masar Taufiƙ Saleh ya mayar da labarin fim a Siriya a 1972, sai ya sa mutanen suka buga tankin, ba a dai ji su ba ne. A wannan shekarar, a watan Yuli, bam ya tashi da motar Kanafani a Beirut, ya kashe shi tare da 'yar 'yar'uwarsa mai shekara 17. Shi ne kakakin ƙungiyar gwagwarmayar Falasɗinawa ta PFLP a lokacin, kuma hukumar leƙen asirin Isra'ila ce ta kai harin.

Wasu sun bi wata hanyar. Darwish ya rubuta littafi guda kan yini ɗaya na Agustan 1982, lokacin da Isra'ila ta yi wa Beirut ƙawanya, kuma babban burin mai ba da labarin da safiyar nan shi ne ya samu ya isa madafa ya dafa gahawa tsakanin faɗuwar bam da bam. Wanda bai taɓa shiga irin halin ba zai ce wasa ne. Wanda ya shiga ya san hankali ƙaramin abu yake kamawa ya riƙe don kada ya zube. Ilyas Khuri ɗan Labanan, wanda ya rasu a 2024, ya gina *Bab al-Shams* na 1998 kan wani ma'aikacin jinya a asibitin sansanin 'yan gudun hijira na Shatila a Beirut, da ke ba wani tsohon mayaƙi da ya yi doguwar suma labarai, yana fatan muryar ta farkar da shi. Labari ɗaya yakan zo a fuska biyu ko uku, mai faɗa yana gyara kansa, yana shakkar abin da aka gaya masa. Khuri ya daɗe yana sauraron tsofaffin sansanoni kafin ya rubuta, kuma bai daidaita musu saɓanin ba.

Shibli ta kai abin ƙarshe. Rabin farko na littafinta ta bakin idon hafsan sojan ake kallo, yana wanka, yana duba inda ƙwaro ya cije shi, a sanyaye kamar rahoto. Yarinyar ba ta da suna, ba mu jin me take cewa. A rabi na biyu wata mata daga Ramallah ta tafi neman muryar yarinyar a gidajen tarihi da taswirori, ba ta samo ba. Rashin samun shi ne labarin.

Idan an koma fa?

Mafi yawan masu goyon bayan Falasɗinu suna ɗaukar komawa gida a matsayin ƙarshen wahala. Kanafani, duk da kasancewarsa ɗan gwagwarmaya, bai sauƙaƙa wa mutanensa haka ba. A *A'id ila Haifa*, wato mai komawa Haifa, wanda ya rubuta bayan yaƙin 1967, Sa'id da matarsa Safiyya sun samu damar zuwa Haifa daga Ramallah bayan shekara ashirin, saboda mamayar da Isra'ila ta yi wa yankin Ramallah a yaƙin ta buɗe hanyar da ke rufe. A rikicin Afrilun 1948 turmutsitsi ya kwashe su zuwa tashar jirgin ruwa, suka bar jaririnsu Khaldun, ɗan wata biyar, a gida. Shekara ashirin suna ɗaki ɗaya, da wuya ɗayansu ya ambaci sunansa.

Suka tarar gidan yana nan, har wasu kayan ɗakin. Sa'id ya tsaya yana ƙirga gashin ɗawisun da ke cikin tulun ado, ya ga sun ragu, abin ya dame shi fiye da yadda ya kamata. Wadda ta buɗe musu ƙofa Bayahudiya ce daga Poland, Miriam, wadda 'yan Nazi suka kashe mahaifinta. Ita ta raini jaririn, ta sa masa suna Dov. Da ya shigo, da kakin sojan Isra'ila ya shigo, ya kuma gaya wa iyayen da suka haife shi cewa bai kamata su tafi su bar shi ba, kuma shekara ashirin ba su yi komai ba sai kuka.

Abu biyu ne a nan da ke ƙaryata mai cewa farfaganda ce tsagwaronta. Marubucin ya ba matar da ke zaune a gidan nata raunin, ya bar ta mutum ce mai tarihi, a lokacin da hakan ba ƙaramin ƙarfin hali ba ne ga marubucin Larabci. Sannan mafi zafin magana a littafin kan Falasɗinawa ta faɗa. Gaskiya ne labarin ya ƙare da Sa'id yana fatan ɗansa na biyu, wanda ya hana shiga mayaƙa, ya riga ya tafi, kuma a ganina a shafukan ƙarshen muryar ɗan siyasa ta ɗan danne ta marubuci. Amma abin da ke zama a zuciyar mai karatu shi ne mutumin da ke zaune baƙo a falonsa.

Jikokin da ba su ga komai ba

Mafi yawan waɗanda suka ga 1948 da idonsu sun rasu. Masu rubutu yanzu gadon tunin suka yi. Malamar jami'a Marianne Hirsch, wadda ta yi nazari kan 'ya'yan Yahudawan da suka tsira daga kisan kiyashin Nazi, ta nuna yadda yaro ke girma da labarai da hotuna da shirun iyaye har ya ji kamar shi abin ya sama. Haka yaron sansanin Labanan zai gaya maka sunan ƙauyensu a Galili, da inda rijiya take, alhali bai taɓa taka ƙasar ba. Makullin tsohon gida da iyalai ke adanawa daga nan ya samu matsayinsa. Haɗarin, wanda marubutan kansu suka sani, shi ne ƙauyen ya koma aljanna a baki, a manta akwai talauci da zaluncin masu gonaki a cikinsa.

Masu suka, da inda suke da gaskiya

Daga ɓangaren Isra'ila, ƙorafin shi ne littattafan suna ɗauko rabin labari, suna barin yaƙin da ƙasashen Larabawa suka shigo, da Yahudawan da suka bar ƙasashen Larabawa bayan haka, da waɗanda hare-haren Falasɗinawa suka kashe. A 2011 majalisar Isra'ila ta yi dokar da ta ba ministan kuɗi ikon rage tallafi ga cibiyar da ta mayar da ranar kafa ƙasar ranar makoki. Sai dai ɗaya daga cikin labaran farko da suka bayyana korar ƙauye ɗan Isra'ila ne ya rubuta shi da Ibrananci, S. Yizhar, a 1949, ta bakin sojan da lamirinsa ke damunsa. Da aka mayar da shi fim ɗin talabijin a 1978 sai da aka yi rigima kafin a nuna.

Masana tarihi suna da nasu jan kunnen, kuma yana da kyau a ji shi: ƙagaggen labari ba hujjar kotu ba ne. Ba daga Kanafani za ka ɗauki adadin waɗanda suka bar Haifa ba. Abin da zai ba ka shi ne yadda shirun shekara ashirin tsakanin mata da miji yake, abin da ba a ajiye shi a kowane kundin gwamnati ba.

Sukar da ta fi cizo daga cikin gida take. Akwai kasuwar hawaye. Kamfanonin ɗab'i na Turai da Amurka sun san irin labarin da ke tafiya, na wanda aka zalunta mai ban tausayi, marar fushi, marar laifi, sai marubuci ya ga idan ya rubuta soyayya ko barkwanci babu mai fassara shi. Wasu likitocin ƙwaƙwalwa na Falasɗinu kuma suna cewa ma'aunin da aka gina kan sojan da ya dawo gida lafiya bai dace da su ba, domin shi ya ɗauka abin ya wuce, su kuwa bam ɗin gobe na gaske ne. Refaat Alareer, malamin adabi a Jami'ar Musulunci ta Gaza da ya tattara labaran ɗalibansa ya buga a 2014, harin sama ya kashe shi a Disamban 2023.

Ina ruwan mai karatun Hausa?

Jigon ba baƙo ba ne a adabinmu. *Shaihu Umar* na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da ya fito daga gasar rubutu ta 1933, labarin yaro ne da aka sace aka ƙetara Sahara da shi, da uwar da ta bi sawunsa har ita ma ta faɗa bauta, suka sadu tana gab da rasuwa. Bambancin shi ne Umar yana ba ɗalibansa labarin a jere, cikin natsuwa da tawakkali, sai mai karatu ya lura da kansa da irin abin da natsuwar ta rufe. A *Season of Crimson Blossoms* na Abubakar Adam Ibrahim, wanda ya ci babbar kyautar adabi ta Najeriya a 2016, akwai yarinyar da ta ga an kashe ɗan'uwanta a rikicin Jos, tana firgita da ganin jini, kuma mutanen gida aljanu suka fara zargi.

Nan ne amfanin yake ga talaka. Rikicin Boko Haram ya raba mutane sama da miliyan 2 da gidajensu, ga na Zamfara da Katsina da Sakkwato, ga waɗanda suka tsallaka Diffa da Maraɗi. Suna cikin unguwanninmu. Idan matar da ta fito daga Bama ta ba ka labari yau, gobe ta ba ka shi da ɗan bambanci, saurin cewa ƙarya take yi ko neman tallafi take zalunci ne na biyu, kuma ma'aikacin da ke ɗaukar bayani da alƙali da malamin makaranta duk suna buƙatar sanin haka. Idan yaro ya daina magana ko yana fitsarin kwance bayan an kai hari ƙauyensu, addu'a da haƙurin da ake ba shi ba sa hana a kai shi ga likita. Da gwamnatin Borno ta shiga rufe sansanonin Maiduguri daga 2021 tana mayar da mutane, an fi maganar gidaje nawa aka gina, ba a cika tambayar yadda mutum zai kwana a layin da aka yanka maƙwabcinsa ba, ko yadda zai gaisa da tubabben da ya dawo.

Marubutan Hausa na intanet da na kasuwar Kano suna da masu karatu da yawa, mafi yawansu mata, kuma cikinsu akwai waɗanda abin ya shafa kai tsaye. Mai son rubuta labarin sansani zai fuskanci abin da Khuri ya fuskanta: ya nemi izinin masu labarin, ya sakaya sunayensu inda bayyanawa za ta jawo musu tsangwama, musamman matan da aka sace suka dawo da goyo, ya kuma jure kada ya gyara musu labarin ya zama mai daɗin bi fiye da yadda suka iya faɗarsa.